DAGA MAƘERA ZUWA DIGIRI NA BIYU: TARIHIN INJINIYA A ƘASAR TOFA

Mu marubuta littattafan soyayya akwai wani laifi da ya kamata mu amsa ba tare da an matsa mana ba. Idan muka tashi gabatar da saurayin labari, sai mu sauko da shi daga jirgi a filin Malam Aminu Kano, sanye da kwat da baƙin tabarau, wai ya dawo daga Ingila da digiri na biyu a fannin injiniya. Daga nan shi ke nan, ba za ka sake jin zancen injiniya ba har a ɗaura aure a shafin ƙarshe. Ni kaina na aikata haka a littattafai biyu, kuma da a ce wani ya tare ni a lokacin ya ce, "Malam, shi wannan injiniyan naka me ya karanta?" da sai dai in yi dariya in kawo wani zancen.

Abin da ya dawo da ni kan maganar kuwa shi ne, da kakar bara ɗan wana ya dawo gida ƙauyenmu da ke ƙasar Tofa, bayan ya gama digirinsa na farko a fannin injiniya na ƙere-ƙeren injuna, wanda 'yan boko ke ce wa makanikal, ya kuma sauke hidimar ƙasa. Da daddare ana zaune a tsakar gida sai ya ce yana neman izini zai koma ya yi digiri na biyu. Tsohuwarmu ce ta fara magana, ta ce, "Ashe duk shekarun nan bai gama ba?" Yaya kuwa ya daɗe bai ce komai ba, domin ya san in har za a yi wannan karatu, to shanun hudarsa guda biyu ne za su tafi kasuwa. Can sai ya ɗago ya ce, "Ɗan nan, ni tambaya ɗaya gare ni. Injin ban-ruwan nan nawa da yake ƙin jan ruwa duk bazara, idan ka yi wannan karatun zai ja?"

Kowa ya yi dariya, ban da yaron, ban da ni. Tambayar ta kwana a raina, na ga ba ta amsuwa sai an koma baya an duba yadda aka yi hannu ya rabu da takarda a ƙasar nan, har manomi ya kai ga shakkar ko injiniya yana da abin da zai tsinana wa inji.

TAMA DA ZUGAZUGI

Duk ɗan Kano ya taɓa jin labarin Abagayawa, waɗanda suke cewa kakansu wani maƙeri ne mai suna Kano, wanda ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a gindin Dala ya zauna. Masu tonon tarihi a ƙasa sun ƙarfafa wani ɓangare na wannan labari, domin sun sami ragowar murhun narka tama a Dala wanda aka kimanta shekarunsa zuwa wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Ke nan ƙarfe ya riga ganuwa, ya riga sarauta irin wadda muka sani, kuma shi ne ya sa ƙasar da ke kewaye da birni ta cika da jama'a maƙil. Wanda ya bi ta Janguza zuwa Lambu, ko Langel, ko Doka, ya ga yadda gona ke manne da gona babu saura, ya sani cewa noma irin wannan na shekara da shekaru a fili ɗaya ba ya yiwuwa sai da taki da kuma garma da fartanya masu kyau. Taki daga garke da birni, garma kuwa daga maƙera.

Maƙerin da yana da ilimi mai zurfi, ko da yake ba a rubuce ba. Ya san gawayin ƙirya ya fi sauran gawayi riƙe wuta. Ya san launin da ƙarfe zai yi a wuta kafin a ɗora shi kan uwar maƙera, ya san lokacin da za a tsoma shi a ruwa ya yi tauri, ya kuma san in aka wuce gona da iri zai yi gautsi ya karye a hannun manomi. Akwai maƙeran baƙi masu garma da gatari da lauje da mashi, akwai maƙeran fari masu azurfa da tagulla, kuma akwai Sarkin Maƙera da ke tsaye tsakaninsu da fada. Yaro yakan fara da zuga, ya kai ga riƙon awartaki, sannan a ba shi masaba, sai ya shekara goma ko fi kafin a yarda ya iya.

Sai dai tun kafin zuwan Turawan mulki, kayan ƙarfen waje sun fara shigowa ta Sahara. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana sayar da allurai da ruwan takubba na ƙasar Jamus a kasuwa, maƙeranmu kuwa su ne ke yi musu ƙota da kube. Tun daga nan aka fara abin da muke ciki har yau, wato wani ya ƙera a can, mu kuma mu yi gyara da ado a nan.

JIRGIN ƘASA YA ZO DA INJI

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Wannan shi ne babban inji na farko da talakan ƙasar Kano ya gani da idonsa, abu mai cin kwal da shan ruwa yana jan kayan da raƙuma ɗari ba za su ɗauka ba. Shekara guda bayan haka cinikin gyaɗa ya buɗe, manoman karkarar Kano suka duƙufa. A 1925 kuma jiragen sama na farko suka sauka a Kano.

Abin da jirgin ƙasa ya yi wa maƙera kala biyu ne. Ya kawo ƙarfe a arha, guntayen dogo da tsofaffin ganguna, daga baya kuma ɓaraguzan motoci, sai maƙeri ya ga babu dalilin wahalar haƙo tama da kwana ana zuga. Sannu a hankali narka tama ta mutu, ilimin da aka gada na sama da shekara dubu ya bi masu shi kabari. Ƙira ba ta mutu ba, amma ta koma dogaro da abin da wani ya narka ya kuma yar.

Ita kuwa makarantar boko ba ta zo da niyyar yaye masu ƙera inji ba. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 tana da sashen koyon sana'a, inda ake koyar da irin su kafinta da ƙira da dukanci, amma wannan sashe daban yake da na 'ya'yan sarakuna da na malamai. Da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, wadda daga baya ta zama Barewa, malaman makaranta aka nufa a samar, kuma daga cikinta ne aka sami manyan ma'aikatan En'e da shugabannin siyasar Arewa. To tun daga tushe an raba hanya biyu: mai ƙwaƙwalwa ya riƙe alƙalami ya zauna a ofis, wanda aka ga bai ja sosai ba a miƙa masa guduma. Wannan rabon ne ya bi jininmu, har ya zama uba yana jin kunyar a ce ɗansa mai digiri an gan shi da baƙin mai a riga. Mu marubuta ma daga nan muka gaji injiniyanmu mai kwat.

ZARIYA TA BUƊE ƘOFA

A Legas an buɗe babbar kwalejin Yaba a 1934, tana horar da mataimakan injiniyoyi waɗanda za su yi aiki a ƙarƙashin Turawa. Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka kafa a 1948 ba ta fara da sashen injiniya ba. Abin mamaki, a Arewa aka fara karatun digirin injiniya a Nijeriya, a reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, cikin shekarun 1950, inda ɗalibai ke zana jarrabawar Jami'ar Landan. Amma ƙofa ce aka buɗe a gidanmu, baƙi suka fi mu shiga, domin yawancin ɗaliban farko daga Kudu suka fito. Dalili kuwa a fili yake: makarantun sakandaren Arewa kaɗan ne, masu koyar da lissafi mai zurfi da kimiyya a cikinsu sun fi kaɗan.

Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, ta gaji wannan sashe na injiniya da rassansa na gine-gine da lantarki da injuna, ta kuma gaji cibiyar binciken noma ta Samaru. A Kaduna akwai makarantar koyon fasaha da aka kafa a 1956, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968. A ɓangaren tsarin sana'ar kuma, ɗalibai da injiniyoyin Nijeriya sun kafa ƙungiyarsu a Landan a 1958, sannan a 1970 gwamnati ta kafa hukumar COREN mai yi wa injiniyoyi rajista. Har gobe, duk digirin da mutum ya tara, sai da rajistar wannan hukuma doka ta san shi a matsayin cikakken injiniya.

MAƘWABTANMU NA DAWAKIN TOFA

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Baƙo ya shiga gina madatsun ruwa, babbarsu ita ce Tiga da aka kammala a 1974. A nan ne ido ya raina fata, domin kuɗi akwai, aiki akwai, amma injiniyoyi da likitoci 'yan asalin jiha ba su taka kara sun karya ba. Sai an ɗauko daga wasu jihohi ko daga ƙasashen waje irin su Indiya da Pakistan da Masar.

Maganin da aka nemo shi ne makarantun sakandaren kimiyya. A 1977, zamanin Kanar Sani Bello, aka mayar da makarantu biyu na kimiyya zalla, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa, nan maƙwabtanmu. Tsarin shi ne a tace yara da jarrabawa daga ko'ina cikin jiha, ɗan sarki da ɗan talaka, a kai su makarantar kwana mai ɗakunan gwaje-gwaje da malamai na musamman, a ɗora su kan lissafi da kimiyya ba sassauci. An yi ta suka a lokacin, ana cewa an fifita wasu yara a kan wasu, amma da aka fara ganin sakamako sai baki ya mutu. Farfesa Abdalla Uba Adamu a kan tarihin waɗannan makarantu ya yi binciken digirinsa na uku. Yau in ka shiga asibiti ko ma'aikatar ayyuka a Kano da Jigawa ka tambayi manyan likitoci da injiniyoyi inda suka yi sakandare, za ka sha jin sunan Dawaki.

Ni ma na zauna wannan jarrabawa ina yaro, lissafi ya kayar da ni, Allah Ya nufa abincina a alƙalamin labari yake. Amma ina tuna yadda muke kallon waɗanda suka ci in sun dawo hutu, kamar sun dawo daga Makka.

A wannan shekara ta 1977 ne kuma Bayero ta zama cikakkiyar jami'a, daga baya ta buɗe tsangayar fasaha, ta kuma gina sabon mazauninta a kan titin Gwarzo. Wanda ya san hanyar ya san daga ƙofar jami'ar zuwa Janguza ba wata tafiya ba ce, mai keke ma ba zai yi gumi ba. Ke nan tsani ya haɗu: yaron Tofa zai iya yin firamare a ƙauyensu, ya yi kimiyya a Dawakin Tofa, ya yi digiri a bakin hanyar garinsu. A 2001 kuma aka ƙara da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda a yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote.

Wannan zamani ya fitar da mutanen da ake misali da su. Farfesa Abubakar Sani Sambo ya gama digirin injiniyan injuna a Zariya a 1979, ya yi digiri na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya koyar a Bayero, ya shugabanci cibiyar binciken makamashi ta Sakkwato mai aiki kan hasken rana, ya yi shugaban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi daga 1995 zuwa 2004, sannan ya riƙe hukumar makamashi ta ƙasa. Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso kuma, ban kawo shi don siyasa ba, hanyarsa ce abin lura: daga makarantar koyon sana'a ta Wudil ya faro, ya bi ta kwalejin Kaduna, ya yi aiki a hukumar ruwa ta WRECA, sannan ya je Loughborough a Ingila ya yi digiri na biyu a injiniyancin ruwa. Hannu ne ya fara, takarda ta biyo baya.

AN YAYE INJINIYA, MASANA'ANTA TA RUFE

Lokacin da aka dasa waɗannan makarantu, akwai inda ake sa ran yaran za su je. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. A Kano an kafa kamfanin NTM mai haɗa manyan motoci da taraktocin Fiat, a Bauchi akwai Steyr. Matatar mai ta Kaduna ta fara aiki a 1980. An ƙulla yarjejeniyar gina kamfanin ƙarfe na Ajakuta da Tarayyar Sobiyet a 1979, an gina masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo. Bompai da Sharaɗa da Challawa kuwa cike suke da masaƙu da majemu da kamfanonin man gyaɗa da na robobi da na alewa, kowanne yana buƙatar mai kula da tukunyar tururi da injuna.

Sai farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar Naira ta zube. Masana'antun nan yawancinsu haɗawa kawai suke yi, kayan daga waje ake kawowa, don haka da kuɗin waje ya yi tsada sai numfashinsu ya fara sarƙewa. Rashin tsayayyiyar wutar lantarki da kwararowar kaya masu arha daga Asiya suka ƙarasa da yawa daga cikinsu. Ajakuta kuwa, wadda aka so ta zama uwar maƙerar ƙasa baki ɗaya, har yau babban murhunta bai narka tama ba. Dubi ikon Allah: mun bar narka tama a Dala saboda ƙarfen Bature, mun kuma kasa narka ta a Ajakuta da injin Bature.

To yaran da aka tace a Dawakin Tofa suna fitowa daga jami'a, ƙofofin da aka yi musu tanadi suna rufewa. Wasu suka shiga banki, wasu aikin gwamnati, wasu kasuwa. A nan ne ma'anar digiri na biyu ta sauya. Maimakon ya zama zurfafa ilimi don warware wata matsala da ta gagara a masana'anta, sai ya zama tsanin samun koyarwa a jami'a, ko ƙarin girma a ofis, ko hanyar fita waje, ko kuma wurin fakewa kafin aiki ya samu. Ba laifin yaran ba ne, kowa ya ga inuwa zai raɓa.

Hanyoyin tallafi sun ƙaru a 'yan shekarun nan. Asusun PTDF yana tura ɗalibai waje a fannonin da suka shafi mai da iskar gas, TETFund kuma yana ɗaukar nauyin malaman manyan makarantu. Gwamnatin Kano a wa'adin Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, ta tura rukunin ɗalibai 501 ƙasashen waje karatun digiri na biyu, a 2023 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sanar da shirin tura 1,001, mafi yawa zuwa Indiya. 'Ya'yan talakawa da dama sun taka jirgi ta wannan hanya, abin a yaba ne. Tambayar da ta rage ita ce ta Yaya: in sun dawo, injin zai ja ruwa?

Domin kuwa a daidai lokacin da manyan masana'antu ke rufewa, injuna ƙanana sun mamaye karkara. Ina yaro na ga ƙarshen zamanin jigo a fadamarmu, na ga shigowar ƙananan injunan ban-ruwa masu shan fetur a shekarun 1980 da 1990. Injin niƙa ya raba mata da dutsen niƙa, injin casa ya rage aikin turmi. Su wa ke ƙera waɗannan da gyara su? Jikokin maƙeran nan ne da almajiransu, masu walda na Dakata, da masu sayar da ƙarfe na Ƙofar Ruwa, da bakaniken bakin kasuwa. Suna kallon inji su kwaikwaya, ba zane ba lissafi. Ƙwazo dai ba a rasa shi ba, don a 2007 wani ɗalibin Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarafa, har kafofin labaran duniya suka ɗauka. Abin da aka rasa shi ne zaman mai lissafi da mai guduma a rumfa ɗaya.

TO MENE NE A CIKIN DIGIRI NA BIYUN?

Na sa yaron a gaba na ce ya yi mini bayani kamar yana yi wa ɗan firamare. Ya ce, "Baffa, digirin farko shekara biyar ne, har da watannin da ake tura mu koyon aiki a masana'anta. A ciki ana ɗanɗana mana komai: yadda zafi ke zama ƙarfin juya inji, yadda ruwa da iska ke gudu a bututu, nauyin da ƙarfe zai ɗauka kafin ya lanƙwashe, da yadda ake zana inji a ƙera shi. A digiri na biyu kuwa ɓangare ɗaya za ka kama, ko makamashi, ko sarrafa kaya a masana'anta, ko ilimin ƙarafa. A nan gida yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu in ba a sami tsaiko ba, a Ingila shekara ɗaya, a Indiya biyu. Rabin farko darasi ne da jarrabawa, rabin ƙarshe kuma ka ɗauki matsala guda ka bincike ta, ka rubuta kundi, ka kare shi a gaban malamai."

Na ce to injin babanka fa? Sai ya yi murmushi ya ce lafiyar injin ƙalau. Ashe wannan inji ba da ƙarfinsa yake tsotso ruwa ba kamar yadda muke zato. Fankar da ke cikinsa tana watsa ruwan da ke ciki waje ne ta bar gurbi, sai nauyin iskar da ke danne ruwan rijiya ya turo wani ruwan sama ta cikin tiyo ya cike gurbin. Wannan nauyi na iska kuwa ba ya iya ɗaga ruwa fiye da kimanin mita 10 ko a lissafin takarda, a aikace kuma mita 7 zuwa 8 ne iyaka. Idan bazara ta yi ruwa ya yi ƙasa ya wuce nan, ko sabon inji ka kwanto daga kwali ba zai ja ba. Shi ya sa manoma ke haƙa rami su saukar da injin kusa da ruwa. Sun gano maganin da gwaji, ba su san dalilin ba. Yaya kuwa shekara uku yana canja fulogi da wanke kafireto yana zargin bakanike.

Haka ya yi mini bayanin garma. Maƙeri yana son sifirin ɗin tsohuwar mota ne saboda ƙarfen yana da sinadarin gawayi daidai gwargwado a jikinsa. In aka gasa shi ya haura digiri 700 ya doshi 800, tsarin cikinsa yakan sauya, in aka sanyaya shi farat ɗaya sai ya yi tauri amma da gautsi, sai an sake ɗumama shi kaɗan sannan ya yi ƙwari. Abin da kakanninmu ke karantawa a launin wuta, shi ne su suke karantawa a ma'auni. Amfanin ma'aunin shi ne garma dubu za su fito iri ɗaya, ba sai an dogara da idon tsoho guda ba, wanda in ya faɗi ya tafi da iliminsa.

Ya ce abin da yake so ya bincika shi ne famfon da za a zura cikin rijiyar fadama ya turo ruwa daga ƙasa da hasken rana, wanda yashi ba zai cinye fankarsa da wuri ba, kuma wanda mai walda a Kano zai iya ƙera mafi yawan sassansa ya gyara shi. Irin wannan famfo akwai shi na waje a kasuwa, matsalarsa tsada, kuma in ya lalace sau da yawa sai dai a sayi wani. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya zama shi ne ke cinye ribar mai noman rani, har wasu suka mayar da injunansu suna aiki da gas ɗin girki. Ke nan matsalar tana nan a gonar ubansa tana jiran mai lissafi.

Na fito da wannan tarihi ne domin iyaye da 'ya'ya su daina yi wa juna kallon hadarin kaji. Uban da ya ce karatun ba shi da amfani yana da hujja, don ya shekara arba'in yana ganin masu digiri ba su taɓa injinsa ba. Yaron da ya ce sai ya ƙara karatu shi ma yana da hujja, don akwai matsalolin da gwaji kaɗai ba ya warware su. Shawarata ga mai niyya ita ce, kafin ka sayi fom ka san matsalar da za ka je nema wa magani, ka fara zama a rumfar masu walda ko a bakin rijiya, ka kuma bincika ko sashen da za ka shiga yana da kayan gwajin da aikinka ke buƙata da malamin da ya san fannin. In kuwa don a kira ka mai digiri biyu ne kawai, to ka bar wa tsoho shanunsa.

Sannan ina roƙon waɗanda suka riga suka yi, su riƙa sauko da abin da ke cikin kundayensu zuwa harshen da manomi da maƙeri ke ji. Marigayi Alhaji Bashir Usman Tofa, wanda ya rasu a watan Janairun 2022, mutane sun fi saninsa da takarar shugaban ƙasa ta 1993, amma ya zauna ya rubuta littafi da Hausa a kan kimiyyar sararin samaniya. In har taurari sun bayanu da Hausa, famfo da garma ba za su gagara ba.

Game da gidanmu kuwa, da bazarar da ta wuce yaron ya auna zurfin ruwan da igiya, ya sa aka ƙara wa ramin injin zurfi da kamu huɗu, aka gajarta tiyon, aka ɗaure inda yake shan iska. Injin ya ja. Yaya bai ce komai ba a ranar, amma bayan sati biyu ya kira shi ya ce, "Sa ɗaya zan sayar, ɗayan in haɗa da na maƙwabci mu riƙa huɗa tare. Sauran kuɗin kai da Baffanka ku san yadda za ku yi." Tsohuwa kuma ta ce ita dai a gama kafin ta mutu ta ga aurensa. Ni kuma na yi alkawari, injiniyan littafina na gaba zai fito da baƙin mai a hannun riga, kuma duk da haka zai sami matar.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yi wa karatun 'ya'yanmu albarka.